Filin Tambaya da Amsa: Marubuci, Ji-da-kai da Kisan Abokin Zama

Wasiƙun wannan fitowar daga Hausawan Legas suke, kuma duk sun taru a kan magana ɗaya: me ke cikin zuciyar marubucin da ya kashe matarsa, ko marubuciyar da ta kashe mijinta, kuma mece ce alaƙar wannan da tsananin ji-da-kai? Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Daga wani magidanci, ɗan kasuwa a Agege: Assalamu alaikum. Maiɗakina tana rubuta littattafan Hausa tana saki a WhatsApp, mata na biya suna karantawa. Kwanan nan na ga wani babi inda matar cikin labarin ta zuba wa mijinta guba a kunu, kuma yadda ta tsara abin ya tayar min da hankali. Sai abokina ya ce ai a Amurka an yi wata da ta rubuta yadda ake kashe miji, daga baya ta kashe nata. Tun ranar ba na sakin jiki da abincin gidana. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin da abokinka ya ba ka gaskiya ne, sai dai rabinsa ya faɗa maka.

Matar sunanta Nancy Crampton Brophy, marubuciyar littattafan soyayya a birnin Portland na jihar Oregon. A 2011 ta saki wani gajeren rubutu a intanet kan yadda mace za ta kashe mijinta. Ranar 2 ga Yunin 2018 ɗalibai suka tsinci mijinta, Daniel Brophy, malamin koyar da girki, kwance a kicin ɗin makarantar da yake aiki, an harbe shi sau biyu. A watan Mayun 2022 kotu ta same ta da laifi, a watan Yuni aka yanke mata ɗaurin rai-da-rai, ba za ta nemi sassauci ba sai bayan shekara 25.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, alƙali ya hana a gabatar da wancan rubutun a matsayin hujja, domin an yi shi shekara bakwai kafin kisan, kuma zai iya karkatar da tunanin masu yanke hukunci fiye da yadda zai haska gaskiya. Abubuwan da suka ɗaure ta daban ne: kyamarorin titi sun ɗauki motarta a kusa da makarantar da safiyar da ta ce tana gida, ta sayi bindiga, ta kuma sayi wasu sassan bindiga ta intanet, ta ce binciken littafi take yi, bashi ya yi musu katutu, ga kuma inshorar rai ta sama da dala miliyan ɗaya da za ta karɓa idan mijin ya mutu. Ka ga kuɗi ne, da makami, da ƙarya, da shiri. Ko da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, waɗannan sun isa.

Akwai wani a ƙasar Holan, Richard Klinkhamer, wanda matarsa ta ɓace a 1991. Bayan shekara guda ya kai wa wani kamfanin ɗab'i rubutu mai bayanin hanyoyin da zai iya bi ya kashe ta, aka ƙi bugawa. 'Yan sanda sun zarge shi amma ba gawa. Sai a shekarar 2000 waɗanda suka sayi gidan suka tono ƙasusuwanta a ƙarƙashin wata rumfa a bayan gida, ya amsa laifinsa. A nan kisan ne ya riga rubutun.

To, ka auna waɗannan 'yan ƙalilan da dubban marubutan duniya da suka kashe mutane a takarda suka mutu ba su taɓa marin kowa ba. Dalilin da ya sa labarin Brophy ya zagaye duniya shi ne ƙarancin irinsa. Marubuciyar Hausa da ta sa guba a kunun labari tana rubuta abin da ake ji a kotuna da gidajen rediyo, kuma abin da ke riƙe mai karatu ya biya kuɗin babi na gaba.

Ka bar littafin, ka dubi zamanku. Ta taɓa yi maka barazanar kisa da bakinta? Ta taɓa ɗaukar wuƙa ko ruwan zafi a kanka? Ta ci bashi da sunanka a ɓoye, ko tana matsa maka ka mayar da takardun fili ko shago da sunanta cikin gaggawa? Idan amsar duk a'a ce, ka ci abincinka, ka kuma zauna da ita ka faɗa mata babin ya tsorata ka. Zargin da aka binne a ciki yana kashe aure tun kafin wani abu ya same shi. Idan kuwa akwai e ko ɗaya, amsar da muka ba 'yar'uwarmu ta Mile 12 a ƙasa ta shafe ka, domin maza ma ana kashe su a gidajensu.

Daga wata ɗalibar koyon aikin jinya a Idi-Araba: Ina yawan jin ana cewa wane yana da larurar ji-da-kai. Duk mai girman kai ne ke da ita? Kuma gaskiya ne marubuta sun fi kamuwa?

Amsa: A'a, ƙanwata. Girman kai hali ne, kowa na da ɗan rabonsa. Larura kuwa sai abin ya zauna daram tun farkon balaga, ya bi mutum gida da kasuwa da wurin aiki, yana lalata masa hulɗa da mutane.

Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya jero alamomi tara, kuma sai an samu biyar kafin a ce larurar ce. Mutum yana kai kansa inda bai kai ba. Yana rayuwa cikin mafarkin ɗaukaka ko mulki ko soyayyar da ba irinta. Yana ganin shi na daban ne, sai manya ne za su fahimce shi. Yana da ƙishirwar yabo da ba ta ƙarewa. Yana ganin dole a fifita shi. Yana amfani da mutane don biyan buƙatarsa. Ba ya jin zafin wani. Yana hassada ko yana zaton kowa na yi masa. Sai izza a magana da mu'amala. Kundin ya ce kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar suna da ita maza ne. Sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, ya daina ware ta da suna, yana auna tsananin matsalar halayya ne da irin ɗabi'un da suka rinjayi mutum.

A ɗakin duba marasa lafiya za ki gamu da ita da fuska biyu. Akwai mai cika baki, wanda ke mamaye zance. Akwai kuma shiru-shiru, mai saurin jin an wulaƙanta shi, mai riƙo, wanda kullum duniya ce ba ta san darajarsa ba. Na biyun ya fi wuyar ganewa, kuma shi ne ya fi kama da marubucin da ya yi shekaru yana jiran ɗaukakar da ba ta zo ba.

Inda haɗarin yake shi ne lokacin da aka taɓa hoton da mutum ya zana wa kansa. A 1998 Bushman da Baumeister suka yi wani gwaji da ya dace da tambayarki: suka sa mutane rubuta ɗan insha'i, aka yaba wa wasu aka kushe wa wasu, sannan aka ba su damar hukunta wanda ya duba musu da ƙara mai cutar da kunne. Waɗanda suka fi ji-da-kai, idan aka kushe su, su suka fi tsananta ramuwa. A 2021 wani nazari da ya tattara bincike 437 ya tabbatar da alaƙa tsakanin ji-da-kai da cin zali, kuma ta fi ƙarfi idan an tsokani mutum. Amma ki riƙe wannan da kyau: alaƙa ce matsakaiciya. Mafi yawan masu larurar ba sa kisa. Suna gajiyar da iyalinsu, suna zubar musu da mutunci, amma ba su kai ga jini.

Maganar marubuta kuwa, rubutu ba ya haifar da larurar. A ganinmu abin da shari'o'in nan suka nuna shi ne, idan mai wannan hali ya zama marubuci, yakan ɗauka yadda mutanen cikin littafinsa ke bin umarninsa haka ɗan sanda da alƙali za su bi labarin da ya tsara musu. Krystian Bala na ƙasar Folan misali ne, ko da yake shi ba matarsa ya kashe ba, mutumin da yake zargi da nemanta ne. An yi kisan a 2000, ya fitar da littafi a 2003 mai ɗauke da kisa mai kama da shi, aka ɗaure shi shekara 25 a 2007. Babbar hujjar ita ce wayar mamacin da aka sayar a intanet ta asusun Bala kwanaki kaɗan bayan ɓacewar mamacin. Mai ganin ya fi kowa wayo ba ya duba bayansa.

Sai gargaɗi, tunda aikin lafiya za ki yi. Likita ba ya laƙaba wa mutum larura daga labarin jarida. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana mambobinta yin haka tun 1973. Mutanen da muka ambata, kotu ta hukunta su ne kan abin da suka aikata. Kada ki zama cikin masu raba sunan cuta ga duk tsohon mijin da aka ba su labarinsa.

Daga wata uwar 'ya'ya uku a Mile 12: Mijina marubuci ne, yana da mabiya da yawa a Facebook, a waje kowa na yabonsa. A gida shi ke riƙe wayata da kuɗin sana'ata, ya hana ni zuwa wurin 'yan'uwana. Da na ce wani labarinsa bai yi daɗi ba, ya yi sati biyu ba ya min magana. Watan jiya da na ce zan tafi gida Katsina, ya shaƙe ni har na ga duhu, ya ce shi ke rubuta ƙarshen kowane labari. Washegari ya yi kuka ya saya min atamfa. Yayata ta ce in yi haƙuri. Larurar nan ce ke damunsa?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu. Allah ya kawo miki mafita. Ko yana da larurar ko ba shi da ita, wannan ba shi ne abin dubawa yanzu ba. Rayuwarki na cikin haɗari, kuma ba za mu sassauta miki maganar ba.

Shaƙewa ba kamar mari ba ce. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai. Ganin duhun da kika yi alama ce jini ya ragu zuwa ƙwaƙwalwa. Sau da yawa wuya ba ya nuna tabo, shi ya sa dangi ke raina abin. Idan muryarki ta dushe, ko haɗiya na miki wuya, ko kina ciwon kai da mantuwa, ki je asibiti ko da an kwana biyu, ki faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, ki roƙi a rubuta a katinki. Wannan rubutun hujja ce gobe.

Farfesa Jane Monckton Smith ta Birtaniya ta bi diddigin kisan mata 372, ta ga abin yakan bi matakai takwas. Yakan fara da namiji mai tarihin takura wa matan da ya zauna da su, sai soyayya mai gudu da gaggawar aure, sai mallakewa: waya, kuɗi, fita, ƙawaye. Daga nan sai wani abu ya girgiza ikonsa, galibi maganar rabuwa ko karayar arziki. Sai takurar ta ƙaru, da kuka da roƙo da barazana. Mataki na shida shi ne mafi ban tsoro, lokacin da ya yanke shawara a ransa, kuma a nan wasu mazan kan yi sanyi har mace ta ɗauka an shirya. Sai shiri, sai kisa. Abin da kika bayyana ya kai mataki na biyar. Atamfar da kukan suna cikin tsarin, ba fita daga cikinsa ba ne.

Ga abin da muke ba ki shawara. Kada ki sake ce masa za ki tafi. Lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi su ne mafi haɗari, don haka mai tafiya ba ta sanarwa. Ki zaɓi mutum ɗaya tak mai riƙe sirri, wanda ba ya cikin masu sha'awar mijinki, ki ajiye a wurinsa katin shaidarki, takardun haihuwar yara, katin asibiti, kuɗin mota da kaya kaɗan. Ki haddace lambobi biyu a ka tunda wayarki na hannunsa, kuma duk kiran neman taimako ki yi shi da wayar maƙwabciya. Ku yi wata kalma da ita wadda idan ta ji ta san ta tara mutane. Idan rigima ta tashi, ki nisanci kicin da banɗaki, ki matsa kusa da ƙofar fita. A gidan haya na Legas inda ɗakuna ke fuskantar juna, ihu na da amfani, kada kunya ta hana ki.

Jihar Legas na da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007. A ƙarƙashinta kotu na iya ba da umarnin kariya, har da na wucin gadi kafin a saurari ɓangarensa, wanda zai hana shi kusantarki. Akwai hukumar jiha mai yaƙi da cin zarafin gida da fyaɗe, DSVA, wadda ke haɗa mata da mafaka da lauya da likita, layinta kyauta ne: 08000 333 333. Na gaggawa 112 ko 767. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi ma ba ya karɓar kuɗi. Idan Turanci ko Yarbanci na ba ki wuya, ki tafi da wadda za ta yi miki tafinta. Dokar ta shafi duk mazaunin jihar, ba ta tambayar garin da aka haife ki.

Sai maganar sulhu, kuma muna roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su saurara. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tara miji da mata a gaban dattawa, a tona masa asiri, a yi masa faɗa, sannan a ce ta bi shi gida a daren. Mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan yadda jama'a ke kallonsa, an kunyata shi a gaban manya, an kuma miƙa masa wadda yake ganin ita ta jawo. Idan har an kai ga shaƙewa ko makami ko barazanar kisa, a fara raba musu wurin kwana, sannan a yi zancen gyara ko saki ko khul'i. Kuma kada kwarjininsa ya ruɗi masu sulhu. Irin wannan mijin yakan fi matar iya tsara zance nesa ba kusa ba, ita tana kuka tana rikicewa, shi yana kawo aya da hadisi.

Yayarki tana nufin alheri, amma ki karanta mata wannan amsar. Haƙuri da talauci ko da halin miji daban, zama a inda ake shaƙe mutum daban. Addini bai ɗora wa kowa ba.

Daga wani direban tirela a Apapa: Idan mutum ya kashe matarsa, lauya ya ce yana da wannan larurar, kotu za ta sake shi?

Amsa: Da wuya ƙwarai, Malam. Doka na ɗaukar kowa a matsayin mai hankali har sai an tabbatar da akasin haka, kuma nauyin tabbatarwar na kan wanda ake tuhuma. Sai ya nuna cewa a daidai lokacin da ya aikata, ciwon ƙwaƙwalwa ya hana shi sanin abin da yake yi, ko iya kame kansa, ko sanin cewa bai kamata ya yi ba. Mai ji-da-kai ya san abin da yake yi sarai. Wanda ya sayi makami tun da wuri, ya ɓoye gawa, ya tsara ƙarya, shi da kansa ya rushe wannan kariyar. Hukuncin kisan kai da gangan a Legas kisa ne. Ko wanda kotu ta yarda yana da taɓin hankali ba gida ake mayar da shi ba, tsare shi ake yi.

Daga wata amarya a Obalende: Mijina bai taɓa duka na ba, amma alamomin nan kusan duk yana da su. Ana warkewa?

Amsa: Ana samun sauƙi, amarya, amma sannu a hankali, kuma sai shi ya so. Babu ƙwayar da aka amince da ita don wannan larurar. Magungunan da likita kan rubuta na abin da ke rakiyarta ne, kamar ciwon damuwa ko fargaba ko shaye-shaye. Ainihin maganin zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, sau ɗaya ko biyu a mako, na tsawon shekaru, ana koya masa gane abin da ke tunzura shi da kuma hango yadda wani ke ji. Matsalar da aka fi samu ita ce barin zuwa: da zarar likita ya taɓo inda ke ciwo, sai ya ce likitan bai san aikinsa ba. Yawancinsu ba sa zuwa sai wani abu ya rushe, aiki ko aure ko suna.

A Legas akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja. Kada ki tunkare shi da sunan cuta, zai ji kamar zagi. Ki bi ta abin da shi ke kuka da shi, rashin barci ko yawan fushi ko rigima da abokan aiki. Addu'a da nasihar malamin da yake girmamawa suna taimakawa, a haɗa su da asibiti.

Ke kuma ki tsare abu uku tun yanzu da auren ke ɗanye: sana'arki da asusunki, zumuncinki da danginki, da wayarki. Idan ya yi fushi, ki yi magana a kan abin da ya faru kawai, gajere, ba tare da kin shiga gardamar wa ya fi wa ba. Ki riƙa rubuta abubuwan da suka faru da ranakunsu a inda ba zai gani ba, domin mai wannan hali yakan musanta abin da ya faɗa jiya har mace ta fara shakkar hankalinta. Ranar da ya fara karɓe waya, ko hana ki fita wurin iyaye, ko ya ɗaga hannu, lissafin ya canza, ki nemi taimako a lambobin da muka bayar a sama. A irin wannan yanayin ba a zaman sasanci na miji da mata a ɗaki ɗaya, kowa ana ganinsa shi kaɗai.